Tela Da Rana, Ɗan Sanda Da Dare

Tun zamanin dā mutanen ƙasar Hausa sun san aikin gayya. In damina ta yi nisa, gonar tsoho ko ta marar lafiya ta cika da ciyawa, samarin gari su kan taru da fartanyoyinsu su nome ta sarai, ba mai neman ko anini, iyaka a dama musu fura su sha su watse. Haka kuma gyaran makabarta, da yasar rijiya, da kashe gobara. Amma dukan waɗannan ayyuka halinsu guda ne, watau a wuni a ke gama su, kuma ko wa ya gani sai ya sa albarka. Akwai wani aikin sa-kai dabam wanda ba ya ƙarewa a wuni, wanda kuma mai yinsa ya kan sha zagi daidai da godiyar da ya ke samu, ko ma fiye. Shi ne mutum mai sana'arsa da iyalinsa ya ɗauki kayan 'yan sanda ya sa, ya yi aikinsu na 'yan sa'o'i a mako, ba albashi, ba fansho, sa'an nan ya tuɓe ya koma bakin sana'arsa.

A cikin dokar Nijeriya, sunan da aka ba irin wannan mutum ma'anarsa ita ce ɗan sanda na musamman. Jama'a kuwa sun raɗa masa nasu, waɗansu su ce kwansitabulari, a Kano kuma a kan ji ana cewa ɗan sandan sarauniya. Kada mai karatu ya gama shi da 'yan sintirin unguwa waɗanda a kan tara wa kuɗi gida gida, ko da 'yan kato da gora da suka tashi a Maiduguri cikin 2013 suka taya soja yaƙi da Boko Haram, balle 'yan sa-kan Zamfara da Katsina masu bindigogin gida, waɗanda labarinsu dabam ne, mai jini kuma. Shi wannan doka ta lissafa shi cikin rundunar 'yan sandan ƙasa. Ya kan yi rantsuwa, a kan horar da shi, yana ƙarƙashin baturen 'yan sandan yankinsa, in ya yi laifi a hukunta shi ko a kore shi. Ba a ba shi bindiga. Ƙa'idar shiga ita ce shekarunsa su kasance tsakanin 21 da 50, ya zama mai lafiyar jiki, mai halin kirki.

Akwai wani tela a wani gari na ƙasar Hausa wanda ya shiga wannan aiki cikin 2020, yana da shekara 43 a duniya. Shagonsa na bakin kasuwa, da keken ɗinki uku da yara masu koyo huɗu. Ba mai arziki ba ne, amma gidansa ba a kwana da yunwa, kuma ba a taɓa kai ƙararsa gaban mai unguwa ba, sai fa irin ƙarar da a kan kai ko wane tela, ta saɓa alkawarin ɗinkin Salla.

Abin da ya tura shi ya faru ne cikin azumin shekarar da ta gabaci wannan. Saura kwana goma Salla ɓarayi suka yanke kwaɗon shagonsa da dare, suka kwashe shadda da yadi da atamfa, duk abin da mutane suka kawo ɗinki, ko ƙyalle ba su bari ba. Kayan ba nasa ba ne, amana ce. Ya sayar da keke ɗaya, ya yi wata bakwai yana biyan mutane kaɗan kaɗan. Amma ba hasarar ce ta fi ci masa rai ba. Da gari ya waye sai ya gane ashe mutum uku na layin sun ji motsin, ɗayansu ma ya leƙo ta taga ya ga ana ɗiba. Da ya tambaye shi me ya hana shi yin ihu, sai mutumin ya ce, “To, in na yi ihu wa zai fito?” Tela ya rasa amsar da zai ba shi, domin ya sani da shi ne a bayan tagar, watakila haka zai yi.

Cikin farkon 2020 Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Muhammad Adamu, ya ba da umurni a ɗibi mutane daga cikin unguwanni su taimaki 'yan sanda. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. 'Yan sandan Nijeriya a sa'an nan ba su kai 400,000 ba, mutanen ƙasa kuwa sun haura miliyan 200. Bayan haka runduna ɗaya ce ta tarayya, a kan ɗauko mutum daga wata jiha mai nisa a kawo shi garin da bai san lungunansa ba, wani lokaci ko harshen bai iya ba. Cikin watan Agusta Gwamnatin Tarayya ta yarda a kashe Naira biliyan 13.3 don fara wannan shiri, cikin Satumba kuma aka sa hannu a sabuwar Dokar 'Yan Sanda wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1943. Aka ce masu sana'a a ke so, mazauna wurin, waɗanda sarakuna da dattawa suka shaide su.

Ran nan mai unguwa ya aika aka kira Tela. Bayan sun gaisa ya ce, “Malam Tela, an ce mu ba da sunayen mutanen da unguwa ta yarda da su. Na duba na ga kana cikinsu.”

Tela ya ce, “Ranka ya daɗe, ni da ban taɓa riƙe makamin da ya wuce almakashi ba?”

Mai unguwa ya yi dariya ya ce, “Ai shi ya sa. Masu son riƙe abin da ya wuce almakashi sun cika ƙofar gidan nan tun asuba. Su na ke gudu.”

Da ya koma gida matarsa ba ta ce masa kome ba sai, “Malam, in kana can wa zai taka keken?” Mahaifiyarsa ce ta ɗauki abin da zafi. Ta ce a gidansu ba a taɓa yin ɗan doka ba, kuma ba ta so a fara a kansa. Tsohuwar tana da hujjarta, domin ta ga zamanin 'yan dokan En'e da idonta. Su 'yan gari ne, sun san ko wane zaure da ko wace rariya, ɓarawo ba ya ɓuya musu. Amma wannan sanin gida da ya sa su ke kama ɓarawo shi ya sa kuma suka zama abin tsoro, gama a shekarun siyasar farko an yi ta kukan cewa masu mulki suna amfani da su wajen muzguna wa 'yan hamayya, musamman mutanen jam'iyyar NEPU. Bayan soja sun karɓi mulki cikin 1966 aka soke su, aka zuba su cikin 'yan sandan tarayya a 'yan shekarun da suka biyo. Tsohuwa ba ta san waɗannan shekaru ba, abin da ta sani shi ne maƙwabci in ya sa kaki ya kan manta maƙwabtaka. Sai da liman ya sa baki kana ta yarda, ba da son ranta ba.

Aka kai su makarantar horar da 'yan sanda na 'yan makonni. Kafin ƙarshen shekarar mutum fiye da 9,000 suka gama horo a makarantu dabam dabam na ƙasar, Tela na cikinsu. Fareti ya ba shi wuya ƙwarai, gama wanda ya shekara ashirin a zaune kan keke gwiwarsa ba ta saba da tsayuwar rana ba. Amma darasin doka ya shige shi. Nan ya fara jin cewa ba a kama mutum a madadin wani, watau in ɗa ya gudu ba a tafi da uwa ko mata. Nan ya ji ba a kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki. Ya ji beli kyauta ne, ya kuma ji Tsarin Mulki na 1999 ya ce wanda aka tsare a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu kuwa cikin kwana biyu. Ya yi mamaki. Duk waɗannan abubuwa ya sha ganin ana yin akasinsu, ya zaci haka dokar ta ke. Kayan da aka ba shi sun yi masa yawa a kafaɗa, da ya dawo gida ya farke su ya rage da kansa, har ya gyara na abokan aikinsa goma sha ɗaya, bai karɓi kuɗi ba. Wannan ne aikinsa na fari ga rundunar.

Shi wannan tsari ba a Nijeriya aka ƙago shi ba. Daga Ingila ya zo, kuma tun 1959, kafin mulkin kai da shekara guda, aka yi masa doka a nan. Can a Ingila Sir Robert Peel ya kafa 'yan sandan birnin Landan cikin 1829, bayan shekara biyu, watau 1831, Majalisa ta yi doka wadda ta ba alƙalai ikon rantsad da mutanen gari su zama 'yan sanda na ɗan lokaci in ana tsoron tarzoma. Ranar da aka fi tunawa da su ita ce 10 ga Afrilu, 1848, sa'ad da talakawa masu neman a ba ko wane namiji ikon jefa ƙuri'a suka yi gangami a filin Kennington. Hankalin Gwamnati ya tashi, aka rantsad da mutane da yawa ƙwarai, masana tarihi su kan ƙiyasta su 85,000, waɗansu ma su ce sun fi haka. Cikinsu har da wani ɗan sarautar Faransa mai zaman gudun hijira, Louis Napoleon, wanda kafin shekarar ta fita ya zama shugaban ƙasar Faransa. Galibin waɗanda suka ɗauki kulki ran nan masu kantuna ne da akawuna da masu dukiya, waɗanda suka fito gangamin kuwa ma'aikata ne. Haka aka sake yi a babban yajin aikin 1926. Ashe tun asalin abin akwai tambayar da tsohuwar nan ta yi ta wata hanya, watau wannan maƙwabci da ya sa kaki, wa ya ke tsaro, wa kuma ya ke tsare wa?

Turawan Ingila ba su yar da tsarin ba, sun dai gyara shi. Ɗan sandan sa-kai a can yana da ikon kama mutum daidai da na mai albashi, a kan so ya ba da kamar sa'a 16 a wata, ba a biyansa lada amma a kan mayar masa da kuɗin mota da abin da ya kashe. Duk da haka mutane su kan gaji. Cikin 2012 sun fi 20,000 a Ingila da Wales, ya zuwa 2023 ba su kai 7,000 ba. In a ƙasar da a ke mayar wa mutum kuɗin motarsa haka ta faru, mai karatu ya auna yadda abin zai kasance ga tela mai 'ya'ya shida.

Yawancin aikin da Tela ya tarar ba irin na cikin majigi ba ne. Tsayuwa ce a mararraba ran kasuwa ana raba masu babur da masu amalanke, da tsare ƙofar masallacin Juma'a, da neman uwar yaron da ya ɓace, da raba faɗan kishiyoyi wanda ya fito waje, da zagaya layuka da dare tare da kofur guda ko biyu, da kulki da usur da tocila. Abin da ya ke da shi wanda kofur ba shi da shi kaɗan ne, amma mai tsada ne. Ya san wane kango ne samari su ke shaye-shaye a ciki. Ya san wannan da ke tafe da buhu da tsakar dare mai gasa burodi ne za shi gidan wuta, ba ɓarawo ba. Ya san wace rigima ce in aka kira kawun miji za ta mutu nan take, wace ce kuma sai an je caji ofis. Wani saje baƙo a garin ya taɓa ce masa shi ya fi taswira amfani, domin taswira ba ta san wa ke gaba da wa ba.

Da rana kuwa, in ya tuɓe kayan, sai ya tarar garin ya sake masa. A majalisar da ya shekara goma sha biyar yana zama bayan la'asar, in ya doso sai a canza magana. Waɗansu masu kawo ɗinki suka janye, wai ba su so a san yawan kayansu. Waɗansu da ya daɗe yana binsu bashi suka kawo kuɗinsa ba tare da ya tambaya ba, wannan kuwa bai yi masa daɗi ba ko kaɗan, gama ya san ba shi suka biya ba, kakin suka biya. Wani Alhaji, wanda ya fi ko wa kawo masa aiki, ya zo shago ran nan ya ja shi gefe ya ce akwai wani dillali da ya riƙe masa kuɗin shanu, yana so a ɗan kai shi bayan kanta ya kwana biyu ya ji a jikinsa.

Tela ya ce, “Alhaji, ka yi haƙuri, doka ta hana a kama mutum a kan bashi. Sai dai ka kai shi gaban alƙali, ko mu je tare wurin Sarkin Pawa a sasanta.”

Alhaji ya dube shi ya ce, “To, amfanin kayan da ka sa fa?”

Daga ranar bai ƙara kawo ko hula a gyara masa ba. Ɗinkin gidan Alhaji kuwa, na mata huɗu da 'ya'yansu, shi ke biya wa Tela kuɗin hayar shago na shekara.

Wannan ita ce wuyar aikin da ba a koya musu a makaranta ba. Ɗan sanda mai albashi in ya ɓata wa mutum rai, gobe ana iya canza masa wurin aiki ya tafi abinsa. Tela ba inda za shi. Wanda ya kama da dare zai gamu da shi a sahun sallar asuba, zai gamu da ubansa a wurin ɗaurin aure, matansu kuma a rijiya ɗaya su ke ɗibar ruwa. Ikon da ke hannunsa na 'yan sa'o'i ne, zaman tare kuwa na har abada. Mutane su kan ce zanen aro ba ya rufe katara. Tela ya san haka fiye da ko wa, tun da ya ke tufafi ne sana'arsa, saboda haka bai taɓa yarda ya je shago ko kasuwa cikin kayan sarki ba in ba aiki ya ke yi ba. A cikin jaka ya kan ɗauke su, ya sa a ofis, ya tuɓe a ofis.

Ba dukan abokan aikinsa suka iya haka ba, kuma bai kamata a yi saurin la'antarsu ba. Cikin waɗanda suka gama horo tare da shi akwai samari da suka yi karatu suka rasa aiki, suka shiga da zaton in an daɗe za a mai da su cikakkun 'yan sanda, ko a yanka musu wani abu a wata. Wata ya bi wata ba su ga kome ba. Ɗayansu, yaro mai ladabi, Tela ya gan shi ran kasuwa yana karɓar na goro daga hannun direba. Da ya yi masa magana a keɓe sai yaron ya ce, “Baba, tun jiya da rana ban sa kome a cikina ba. Kai in ka tashi daga nan kana da keke. Ni ina da me?” Tela ya saya masa abinci, ya ce in yana so ya zo shago ya koyi guga da sa maɓalli. Yaron bai zo ba. Wanda ya saba a tsaya masa in ya ɗaga hannu, da wuya ya koma zama a ƙasa yana koyon allura.

Wannan matsala ba ta garinsu kaɗai ba ce. Cikin 2022 an ga irin waɗannan 'yan sanda sun fito titi cikin kayansu a Ilori da Osogbo suna zanga-zanga, suna cewa an yi fiye da shekara ba a biya su ba. Hedkwatar 'yan sanda ta amsa da cewa tun farko an gaya musu aikin sa-kai ne, ba na albashi ba. A takarda gaskiyar hedkwata ce. Amma in aka yi shela a ƙasar da samari marasa aiki suka cika cewa ga kaki ana rabawa, an san waɗanda za su fara isa layi. Sharaɗin nan na cewa sai mai sana'a shi ne ginshiƙin abin duka, wanda ya sassauta shi ya sa mayunwaci gadin rumbu, shi ya kamata a fara tambaya. Cikin Disamba na 2023 aka kori biyu a Jihar Oyo bayan da aka ɗauki hotonsu suna roƙon kuɗi wurin wata Baturiyar ƙasar Holan mai zaga duniya a kan babur, hoton ya bazu ko ina. Abin kunya ne lalle, amma ba abin mamaki ba ne.

Kada kuma a zaci in an ba mai ƙoshi kayan an huta. Akwai wata yunwar da ba ta ciki ba, ita ce ta son a ce wane ne. A Amurka, inda gundumomi da yawa su ke da mataimakan 'yan sanda na sa-kai, har da masu riƙe bindiga, an yi wani attajiri mai harkar inshora a Tulsa ta Jihar Oklahoma, sunansa Robert Bates. Ya yi wa ofishin shugaban 'yan sandan gundumar kyautar motoci da kayan aiki, yana kuma cikin mataimakansu na sa-kai, ana fita da shi kame yana da shekara 73. Cikin Afrilu na 2015 aka bi wani baƙin mutum, Eric Harris, aka kayar da shi ƙasa ana danne da shi. Bates ya zaro bindiga ya harbe shi, ya ce wai ya zaci na'urar lantarki ce mai sandarar da mutum ba kisa. Harris ya mutu. Cikin 2016 kotu ta ɗaure Bates shekara huɗu, shugaban 'yan sandan gundumar kuma tuni ya sauka daga kujerarsa. Mai unguwar su Tela bai taɓa jin sunan Tulsa ba, amma irin waɗannan ne ya ce sun cika masa ƙofar gida.

Haɗari kuwa ba ya tambayar ko mutum na da albashi. Cikin Yuni na 1992 wani ɗan sandan sa-kai a Ingila, Glenn Goodman, yana sintirin dare tare da wani mai albashi kusa da garin Tadcaster a Yorkshire, suka tsai da wata mota don dubawa. Ashe 'yan bindigar ƙungiyar IRA ne a ciki. Aka harbe shi, ya rasu, ba shi da makami a hannu. Shi Tela Allah ya tsare shi da abin da ya kai haka, sai dai wani ɗan daba ya taɓa yankarsa da wuƙa a tafin hannun dama. Ga wani mutum wannan ƙaramin rauni ne. Ga tela mako uku ne ba riƙe almakashi, ba kuma abin da ke shigowa sai ɗan abin da yaran shago suka iya.

Amma abin da ya fi wuƙar ciwo ya same shi ne cikin shekararsa ta biyu. Wani dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, suna zagaye shi da kofur guda, sai suka ji ihu daga bayan tasha, “Ɓarawo! Ɓarawo!” Kafin su isa mutane sun fi ɗari, da sanduna da duwatsu, wani har yana kiran a kawo taya da fetur. Sun rutsa wani saurayi a jikin katanga, an ce waya ya fizge. Kofur ya busa usur, ba wanda ya waiwaya. Tela ya kutsa, ya haska tocila a fuskar yaron, sai ya ga ɗan kawunsa ne, ɗan ƙanen mahaifiyarsa, taubashinsa wanda ya yi wa ɗinkin suna da hannunsa.

Bai ce ɗan'uwansa ne ba, gama da ya faɗa da sun gama da su duka biyu. Juyowa ya yi ya ba yaron baya, ya shiga haska fuskokin mutane ɗaya ɗaya yana kiran sunayensu da na iyayensu. “Kai wane ɗan wane, na gan ka. Kai mai shayi, ajiye dutsen nan. Kai kuma, gobe me za ka ce wa Malam in ya tambaye ka?” Taron mutane ba ya jin tsoron usur, amma mutum guda in aka kira shi da sunan ubansa sai ya tuna shi wane ne. Hannuwa suka fara sauka. Tela ya ce musu ya ɗauki alkawari gaban Allah zai kai yaron caji ofis da ƙafarsa, mai wayar kuma ya biyo su ya gani. Da haka suka buɗe hanya.

Tsakanin tasha da ofis akwai wani lungu mai duhu wanda ya ɓulla bayan gidan kawun. Yaron ya san shi, Tela ma ya san shi. Da suka zo daidai wurin yaron ya ce da ƙaramar murya, “Yaya, don Allah.” Tela bai saki hannunsa ba. Ya kai shi, aka rubuta bayani, aka sa shi bayan kanta.

Da sassafe kawu ya iso shago, ko sallama bai amsa da kyau ba. Ya ce, “Ashe kai ne za ka kai ɗan'uwanka ga hukuma da hannunka?”

Tela ya durƙusa ya ce, “Kawu, da ban kai shi can ba, da yanzu makabarta mu ke shirin kai shi.”

Kawu ya ce, “Ka cece shi, na ji. Me ya hana ka kawo mini shi gida in hukunta abina?”

Tela ya ce, “Kawu, mutum ɗari na yi wa alkawari. In na saɓa, gobe in suka rutsa ɗan wani, na ce su bari, wa zai saurare ni?”

Kawu ya ce, “To, ka riƙe mutum ɗarin, su ne danginka.” Ya kaɗa rigarsa ya fita.

Maganar yaron ba ta yi nisa ba. An mayar da wayar, mai ita ya ce ya yafe, aka ba da beli ba a biya ko kwabo ba, domin Tela na tsaye a wurin. Daga baya aka tura yaron wani gari wurin dangi ya koyi gyaran babur. Amma maganar kawu ta yi nisa. Ya daina amsa gaisuwar Tela, ya hana iyalinsa zuwa gidansa, da aka yi wa Tela haihuwa bai zo suna ba. Mahaifiyar Tela ta shiga tsakanin ƙanenta da ɗanta, ta rasa bayan wanda za ta bi. Ba ta taɓa ce masa ai ta faɗa ba, sai dai in ta ga ya ɗauki jakar kayansa da magariba ta kan kau da kai. A gari kuwa ra'ayi ya rabu. Waɗansu suka ce ga mutum mai gaskiya. Waɗansu suka ce wanda bai rufa wa jininsa asiri ba, wa zai rufa wa? Masu faɗin haka ba miyagu ba ne, cikinsu har da dattawan da a ke girmamawa, domin zumunci ma amana ce, kuma ta girmi dokar 1959.

Tela bai bar aikin ba, ko da ya ke ya rage kwanakin fita, musamman cikin azumi sa'ad da ɗinki ya ke yawa. Babban yaron shagonsa ya roƙe shi ya kai sunansa wurin mai unguwa in an sake ɗiba, ya ce masa sai ran da ya iya yanka babbar riga shi kaɗai ya kuma sayi kekensa na kansa.

Aka shekara biyu a haka. Ana saura mako biyu Babbar Salla sai ga wata 'yar ƙaramar yarinya daga gidan kawu ta shigo shago da ƙunshi a ka. Shadda ce fara, yadi goma, da tsohuwar rigar kawu a ciki don awo, kamar yadda ya saba aikowa shekara da shekaru kafin ɓatawar. Ba saƙon baki, ba takarda. Tela ya ture aikin da ke gabansa, ya yanka ta da kansa, ya yi kwana uku a kanta, ya goge ya naɗe ya aika. Washegari yarinyar ta dawo da kuɗi a ƙulle cikin leda, kuɗin ɗinki cif cif yadda a ke biya a kasuwa. Tun da Tela ya buɗe shago kawunsa bai taɓa biyansa ladan ɗinki ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Ya ƙirga kuɗin, ya mayar cikin ledar, ya kai wa mahaifiyarsa ya tambaye ta ko ya karɓa ko ya mayar. Tsohuwa ta juya ƙullin a hannunta, ta ce ya bar shi a wurinta tukuna, za ta je gidan da kanta ran Salla.